Fensirin Kornel

Shekara ashirin da shida na yi ina raba wasiƙu a ƙauyukan da ke bayan Bielsk, kuma a duk gidajen da nake zuwa babu wanda ya ci min tayar keke kamar gidan Bronka Kulesza. Daga inda kwalta ta ƙare sai an yi kilomita huɗu cikin daji, yashi da rani, taɓo da kaka, dusar ƙanƙara har gwiwa da hunturu, kafin a iso inda hanyar masu itace ta ratsa layin dogo. A nan gidan yake, na jan bulo, ɗaki biyu da kicin, da ɗan ɗakin gadi mai taga uku a gefensa. Aikin Bronka shi ne sauke sandar tare hanya idan jirgi zai wuce. Jirgi shida ne a rana. Mota kuwa, ranar da uku suka bi hanyar, to ranar an yi cunkoso.

Sunana Wiesia. Ana cewa ina da baki, ban kuma taɓa musawa ba. Amma a gidan Bronka nakan yi shiru in sha shayina, don ita ce ke da buƙatar magana. Wani lokaci ni ce babban mutum ɗaya tilo da take gani a sati, in ka cire abokin canjinta, wani tsoho da ke zuwa a babur wanda ba ya hira da kowa sai karensa.

Mijinta Zenon direban babbar mota ne. Da farko yakan dawo duk sati biyu, sai ya koma duk wata, sai ya koma katin gaisuwar Kirsimeti, wanda ni nake kaiwa. Shekarar da katin ya zo daga Jamus da sa hannun mutum biyu, Bronka ta karanta a tsaye, ta ninka shi huɗu, ta cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin kicin da ta daɗe tana rawa. Yana nan har yau, kuma a ganina shi ne aiki mafi amfani da Zenon ya yi wa gidan.

Ya bar ta da yara biyu, Tymon da Lusia, shekara shida tsakaninsu. Da aka rufe makarantar ƙauyenmu Tymon yana da goma, ga shi da ciwon ƙirji, ga motar makaranta tana tsayawa a bakin kwalta da ƙarfe shida, cikin duhu da sanyi. Hunturu ɗaya ya yi yana wannan tafiyar, ya kwanta asibiti sau biyu. Sai Bronka ta sa rigarta ta zuwa coci, ta tafi Bielsk, ta sa hannu a gaban shugabar wata makaranta cewa za ta koyar da yaranta a gida, ta riƙa kawo su jarrabawa duk ƙarshen shekara. Mutanen ƙauye suka yi ta dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Matar da iyakarta firamare da shekara biyu a makarantar 'yan jirgin ƙasa?

Dabararta guda ɗaya ce, kuma ba ta taɓa sauya ta ba: ta kasance darasi ɗaya gaba da ɗalibinta. Tsakanin jirgin shida saura da na tara da kwata, takan zauna a ɗakin gadi ta koyi darasin gobe. Bayan na tara da kwata ya wuce, ta shiga kicin ta koyar da wanda ta koya jiya. Da haka ta san sarakunan da suka mutu, da kogunan Asiya, da yadda kwaɗo yake numfashi. Ta taɓa tare ni a bakin ƙofa, ko sauka daga keke ban yi ba, ta ce:

"Wiesia, kin san hasken rana sai ya yi minti takwas kafin ya iso mu?"

Na ce, "To ashe ba gidan waya kaɗai ke makara ba."

Da Tymon ya gama aji takwas, sai aka zo zaɓen manhajar babbar sakandare, inda kowane ɗalibi yake ɗaukar darussa biyu ko uku ya zurfafa a cikinsu. Yaron nan babu rediyon da bai kwance ba a gidan, har agogon ɗakin gadi sai da ya buɗe ya mayar. Amma Bronka ta zaɓa masa tarihi da harshe. Ya ci jarrabawarsa kuwa, babu laifi. Yanzu yana Holan yana jera tumatir a kwali, yana kiran waya ranar Lahadi in bai gaji ba. Sau ɗaya ta taɓa yi min maganar, muna ɓare wake, ba ta ko ɗago kai ba.

"Abin da na iya na zaɓa masa," ta ce. "Ba abin da ya iya ba."

Na ci gaba da ɓarar wake, don gaskiya ta faɗa.

Lissafi shi ne dodon Bronka. Har aji biyar ta riƙe shi da ƙarfin hali, a aji shida na Lusia kuwa ya fara kayar da ita. A shekarar ne Allah ya haɗa ta da Kornel. Littattafan atisaye takan saye su na hannu daga wurin Pan Gienek, mai shagon tsofaffin littattafai a Bielsk. Pan shi ne Malam a wajenmu, Pani kuwa Malama. Takan kira shi a waya, ya naɗe su, ni in kawo. Na lissafin aji shida ya zo da suna a cikin bango, Kornel, da rubutun fensir ƙanana a gefen shafuka, masu karkata hagu. Yaron da ya riga ya yi amfani da littafin ne ya riƙa yi wa kansa tuni. "A nan a fara juya alamar." "Amsar da ke bayan littafi kuskure ce." "Wannan tarko ne."

Bronka ta kama yaron nan hannu biyu. Ba ta taɓa ganinsa ba, ba ta san sunan ubansa ba, amma ya zama ɗan gida. In na zo sai in ji, "Kornel ya ce kaza", "ni da Kornel mun sha wuya a shafi na arba'in". Ta yanke cewa siriri ne, mai tabarau, kuma uwarsa ba ta ba shi abinci sosai. Daga shekarar, duk watan Agusta in ta kira Pan Gienek sai ta ce, "In akwai na Kornel, shi za ka aiko." Shi kuma ya ce to. Na aji bakwai ya zo, na aji takwas ya zo. Lusia ce ke karɓar ƙunshin daga hannuna, ta haye ɗakin saman rufi don ta yi musu riga da takardar ruwan ƙasa, kamar yadda kowane ɗalibi yake yi wa littattafansa. In sun sauko, ga Kornel a gefen kowane shafi, har ya ƙara zama mai hira. "Kada a ji tsoron wannan, tsawo kawai gare shi." "A sha shayi tukuna, sannan a sake gwadawa."

Na taɓa tsokanarta na ce, "Bronka, in yaron nan ya girma sai ki aure shi, kin ga an huta."

Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ce, "Ki yi ta ba'a. Da safe in na zauna a ɗakin can, daji shiru, layi shiru, shi kaɗai ke ce min wani abu."

Lusia kuwa yarinya ce mai shiru-shiru, doguwa, kullum hannun rigarta ya gaza mata. Ba ta da ƙawa sai kajin gidan. Ranar jarrabawa in an kai ta Bielsk, takan tsaya a bakin taga tana kallon 'yan mata sa'o'inta suna tafiya uku-uku suna dariya, har sai an kira sunanta sau biyu. Abin yakan sosa min rai.

A bazarar da ta gama aji takwas, shugabar makaranta ta aiko da babbar ambulan, ni na kai. Takarda huɗu ce a ciki. Uku jerin manhaja ne da littattafan da kowace take buƙata: ta tarihi da harshe, ta ilimin halittu, ta lissafi da kimiyya. Bronka ta baje su a teburin kicin, ta danne kowace da kwalbar kokwamba mai tsami, suka yi wata biyu a wurin, ana cin abinci a gefensu. Ta huɗun wasiƙa ce. Shugabar ta rubuta cewa a duk ɗalibanta, na gida da na aji, babu wanda ya kamo Lusia a lissafi, kuma ta yi magana da wata makarantar kwana a Bialystok, sun ajiye mata gurbi har ƙarshen Agusta. Wannan takardar Bronka ba ta baje ta ba. A ƙarƙashin akwatin burodi ta sa ta, ni kuwa idona ba ya tsallake takarda, sana'ata ce.

"Me za ki yi da waccan?" na tambaye ta.

"Wace?"

"Bronka, da ni kike yi?"

Ta goge teburin da ba shi da datti. "Yarinyar da ko motar haya ba ta taɓa shiga ita kaɗai ba? A kai ta birni su cinye ta? A gida za ta yi. In na samo littattafan Kornel na gaba, mu yi lissafin tare, mu uku. In ban samu ba, tarihi na nan, na riga na iya shi."

"Ita me ta ce?"

Lusia tana bakin murhu tana soya wainar dankali, ta ba mu baya. Ba ta juyo ba ta ce, "Duk wanda Mama ta zaɓa."

Wani zai ce ai akwai masu koyarwa ta intanet. Akwai, amma a gidan Bronka sai ka hau rufin ɗakin itace ka ɗaga wayar sama kafin ta kama, shi ma in iska ta ga dama. Saboda haka maganar a fili take: ko dai a sami Kornel, ko Lusia ta bi sawun Tymon, ko kuma Bronka ta zauna ita kaɗai da jirage shida.

Sau uku ta kira Pan Gienek, yana cewa to, ba ya aiko komai. Sati na uku na Agusta, lokacin da shamuwa suka fara taruwa a fadama za su tafi, ta ce in kai ta Bielsk ranar hutunta. A lokacin na yi sallama da keke, ina da wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an roƙe ta. Bronka ta fito da rigar coci, da littafin aji takwas a jaka don ta nuna rubutun, da kwalbar zuma naɗe a tawul.

"Zumar fa?"

"Ta Kornel ce. Pan Gienek zai san gidansu."

Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon gini, mutum biyu in sun shiga na uku sai ya jira a waje. Pan Gienek yana zaune a bayan tarin littattafai, da wani burodi a gabansa wanda aka rarake cikinsa saura ɓawo.

"Pani Kulesza? Ashe kina da fuska. Ni na ɗauka murya ce kawai a waya."

"Barka da rana, Pan Gienek. Na zo da kaina saboda littattafan Kornel. Na lissafi, aji ɗaya na babbar sakandare."

"Na wa?"

"Kornel."

"Ki ɗaga murya, Pani. Kunnen hagu ya yi ritaya, na dama kuma ya rubuta takardar barin aiki."

Ta faɗa da ƙarfi. Ta ciro littafin ta buɗe masa, ta nuna gefen shafi da yatsa, tana murmushi kamar mai nuna hoton jika. Shi kuwa fuskarsa ta sauya. Ya karɓa, ya juya bayan bango, ya nuna mana ɗan hatimi mai shuɗin tawada.

"Wannan hatimina ne. Ba na buga shi sai na gama goge littafi. Shekara talatin da ɗaya ina wurin nan, Pani, littafi bai taɓa fita daga hannuna da ɗigon fensir ba. Shafi-shafi nake bi, da tsokar burodi, don magogi cin takarda yake. Ga shaida." Ya ɗaga burodin. "Matata ta ce ni kaɗai ne a garin nan nake ciyar da littafi tsoka in ci ɓawo. Wannan littafin fes ya bar shagon nan. Wanda ya ɓata shi, a gidanki ya ɓata shi."

"Amma na aji shida ya zo da suna. Kornel. Da rubutu."

Ya yi ɗan tunani yana ƙirga shekaru da yatsa. "Shekara uku baya? Lokacin aka yi min aikin ido. Matata ce ta riƙe shagon wata guda, ta yi ta sayar da su yadda suka zo, har yau ban yafe mata ba. Wannan kam zai yiwu. Amma guda ɗaya ne. Ban san wani Kornel ba, yara ɗari ke kawo min littafi."

"To me ya sa in na ce na Kornel kake cewa to?"

"Pani, a waya ko me aka ce min to nake cewa. Da kin ce in aiko miki da saniya, to ɗin dai za ki ji."

Ni ce na fara ganewa, ko kuma ni ce na fara yarda. Na tuna Lusia a gaban kantar gidan waya, duk watan Agusta, tana sayen fensir mai tauri guda shida, irin wanda rubutunsa ke fita siriri. Na tuna yi wa littafi riga, aikin rabin yini, amma ita sai ta yi kwana goma a saman rufi. Na dubi Bronka. Tana tsaye da kwalbar zuma a hannu, ta rasa inda za ta ajiye ta. A ƙarshe ta ɗora a kan tarin littattafai ta ce wa Pan Gienek ya ci da ɓawonsa.

Muka zauna a benci a bakin dandali. Yara suna ta wucewa da iyayensu da sababbin jakunkuna. Ta ɗora littafin aji takwas a cinya. Sai ta buɗe shi can wajen tsakiya, ta miƙo min.

"Karanta nan."

A gefen wani dogon atisaye, da rubutun nan mai karkata hagu, an rubuta: "In kin sami goma sha bakwai, kin yi daidai. Ci gaba."

"Kin," ta ce. "Yaro namiji yana yi wa kansa tuni, wa zai ce wa kin?"

"Yanzu kika gani?"

"Tun Janairu." Ta rufe littafin. "Na gani, Wiesia. Na ce ƙila yana da ƙanwa da yake koya wa. Har suna na sa mata a raina." Ta yi 'yar dariyar da ba ta da daɗin ji. "Shekara biyu. Kafin in buɗe shafin farko ta gama littafin. Ta san inda zan faɗi, ta riga ta tsaya a wurin tana jirana. Sannan da safe ta zauna a kicin, ta naɗe hannu, in koya mata abin da ita ta koya min, har ta riƙa yin kuskure nan da can don in sami abin gyarawa. Ni kuma ina hura hanci, wai darasi ɗaya nake gaba da ita."

"Don tana son ki ta yi."

"Na sani. Shi ne abin da ya fi min ciwo. In na ajiye ta, haka za ta yi shekara huɗu nan gaba, ba za ta taɓa ce min uffan ba."

Ta share fuska da bayan hannu, ta miƙe, ta gyara rigarta. Ta ce in kai ta wurin shugabar makaranta. Na ce wasiƙar ai tana ƙarƙashin akwatin burodi. Ta buɗe jaka ta nuna min ita, a ninke, gefenta duk ya yi laushi. Ashe da ita ta fito tun safe, ban san ko ita kanta ta san dalili ba.

Da muka koma, Lusia tana tsakar gida tana ba kaji hatsi. Ta dubi hannun uwarta, ta ga babu ƙunshin littattafai. Muka shiga kicin. Bronka ta ɗage kwalaben kokwamba ɗaya bayan ɗaya, ta tattara takardun nan uku, ta jefa a kwandon da ake ajiye abin hura wuta. Ta ajiye fom ɗin makarantar kwana a tsakiyar tebur, da sa hannunta a ƙasa.

Lusia ta karanta. Ta ce, "Mama, ba na so."

"Ƙarya kike."

"Wa zai zauna da ke? Wa zai shigo da itace in bayanki ya tashi?"

"Kafin a haife ki wa yake shigowa da shi?"

"Tarihin ma ina so. Da gaske. Zan yi tarihi."

Bronka ta ɗora tukunyar shayi a murhu, ta ba ta baya, kamar yadda yarinyar ta saba yi mata. Ta ce, "Na yi shawara da Kornel. Shi ya ce in kai ki."

Wuyan Lusia ya yi ja har kunne. Ta dube ni, na dubi rufi. Sai ta taka a hankali ta je ta kifa goshinta a bayan uwarta, tsakanin kafaɗu, da yake ta fi ta tsawo sai da ta sunkuya. Bronka ba ta juyo ba, ta dai kai hannu baya ta riƙe mata gefen riga. Na fita na je na duba tayar motata, wadda babu abin da ya same ta.

Ranar ƙarshe ga Agusta ni na kai Lusia tashar da jirgi ke tsayawa kafin ya iso gidansu, don jirgi ba ya tsayawa a mararrabar Bronka, kuma ranar aikinta ce, tsohon mai babur ya ce karensa ba lafiya, ba zai karɓe ta ba. Akwati ɗaya, farar rigar ranar buɗe makaranta a rataye cikin leda, da jakar kwalabe da ta fi akwatin nauyi. Na sa ta a jirgin tara da kwata, na ce ta zauna ta hannun dama. Daga baya ta gaya min abin da ta gani. Sanda a sauke, hanya babu kowa, uwarta a gaban ɗakin gadi da rigar aiki, tsaye ƙyam, tuta a naɗe a hannu kamar yadda doka ta ce. Lusia ta buga gilashi, ta ɗaga hannu. Bronka ta gan ta, amma mai gadi ba ya ɗaga hannu in jirgi na wucewa, kada direba ya ɗauka alamar tsayawa ce. Da ido kawai ta bi taragon.

Lusia ta yi kukan wata guda a Bialystok, sannan ta yi ƙawaye biyu, ta yanke gashinta, ta fara magana da sauri irin ta 'yan birni. Tana zuwa gida sau ɗaya a wata. Malaminta ya ce shekara goma bai ga irinta ba. Bronka ta maimaita min wannan maganar sau nawa, ban ƙirga ba.

A watan Nuwamba, ranar da aka fara zubar ƙanƙara, na kai mata wata takarda daga ofishin 'yan jirgin ƙasa. Ban same ta a kicin ba, tana ɗakin gadi, da bargo a gwiwa. A gabanta ga littafin lissafi na aji ɗaya na babbar sakandare, da hatimin Pan Gienek a baya, an yi masa riga da takardar ruwan ƙasa, rigar a karkace don Bronka ce ta yi, ba Lusia ba.

"Wannan kuma na wa?" na ce.

"Nawa. Tsakanin na shida saura da na tara da kwata me zan yi? In ƙirga itatuwa?"

"Ina kika kai?"

"Shafi na goma sha huɗu."

"Tun Satumba?"

"Ki sha shayinki, Wiesia."

Ta tashi ta je ɗauko min sukari a cikin gida. Na jawo littafin. Shafukan fes, gefensu fari tas, Pan Gienek ya yi aikinsa. A shafi na goma sha huɗu an yi ta rubutu ana gogewa har takardar ta kusa hujewa. A gefe, da rubutun Bronka manya-manya, da fensir, an rubuta: "Kornel, a nan fa?" Ƙarƙashinsa babu komai.

Ta dawo ta same ni a kai. Ba ta ƙwace ba, ba ta kuma ji kunya ba.

Na ce, "Ba ni shi in sa a jaka. Jibi yana Bialystok, kafin sati ya dawo miki a cike. Ko kan sarki ba za ki saya ba."

Ta karɓi littafin daga hannuna, ta rufe, ta shafa rigarsa.

"Bar ta," ta ce. "Shekara biyu tana goye da ɗaliba mai taurin kai. Ta huta."

Ƙararrawa ta buga, na sha biyu da rabi ya taso daga tashar baya. Ta ajiye bargon, ta sa hularta, ta ɗauki tuta, ta fita cikin ƙanƙara. Ina kallonta ta taga ta sauke sandar, hagu da dama, a kan hanyar da babu ko sawun mota, ta tsaya tana jira.